Fátima: Tafiyar Wani Suna Daga Makka Zuwa Ƙasar Fotugal

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Da shi ake juyo mutum in ya ba da baya, kuma sau da yawa da shi ake gane gidan da mutum ya fito da addinin da aka haife shi a ciki. A ƙasarmu, duk malamin lakwal da ya taɓa kiran sunayen ɗalibai da safe ya san da wuya a sami aji wanda babu Fatima a cikinsa, ko da an rubuta ta Fatouma ko Fatchima bisa ga rubutun Faransanci na takardar haihuwa. A gida ita ce Fati ko Fatsima, ita ce Binta ko Batula. Barebari su ce Falmata, Fulani su ce Fatumata, Abzinawa su ce Fadimata. Babu wanda zai ji sunan a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya tsaya tambayar addinin mai shi.

To sai ga shi a ƙasar Fotugal, can ƙarshen yammacin Turai, da Burazil da Angola da sauran ƙasashe masu magana da harshen Fotugal, akwai dubban mata Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika masu suna Fátima. A majami'a aka yi musu baftisma da shi, kuma iyayensu ba ɗiyar Manzon Allah (SAW) suke nufi ba sa'ad da suka zaɓe shi. Yaya aka yi sunan da ya fi kowane sunan mace kusanci da gidan Annabi ya zama sunan ibada a wurin mutanen da kakanninsu suka kori Musulmi daga ƙasarsu? Wannan maƙala za ta bi sawun sunan zango zango, ta rarrabe abin da tarihi ya tabbatar da abin da almara ta ƙara.

Tushen sunan

Kalmar ta fito daga tushen Larabci mai baƙaƙe uku, fa da ɗa da mim, wanda ma'anarsa ita ce yaye, wato cire yaro daga nono. Faɗima ita ce macen da ta yaye ɗanta. Larabawa sun san sunan tun kafin zuwan Musulunci: kakar Manzon Allah ta wajen uba sunanta Faɗima ɗiyar Amru, mahaifiyar Sayyadina Ali kuma Faɗima ɗiyar Asad. A zamanin da yara da yawa ke mutuwa tun suna goye, kiran jaririya da «mai yaye» fata ne na alheri, watau ta rayu, ta haihu, ta raini ɗanta har ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da ya ɗaukaka sunan a duniya shi ne Nana Faɗima, ɗiyar Annabi Muhammadu da Nana Hadiza, wadda aka haifa a Makka wajen shekarar 605, ta auri Sayyadina Ali, ta haifi Hasan da Husaini, ta rasu a Madina a 632, watanni kaɗan bayan wafatin mahaifinta. Ta wurinta zuriyar Annabi ta ɗore, shi ya sa duk sharifan duniya gare ta suke jingina. Malamai suka ƙara wa sunan fassara ta addini, suka ce Allah ya yaye ta daga wuta. Aka yi mata laƙabi da Azzahra'u, mai haske, da Albatulu, wadda ta yanke daga duniya ta fuskanci Ubangijinta. Daular Faɗimiyyawa da ta gina birnin Alƙahira a 969 da sunanta ta yi tutiya. Duk inda Musulunci ya sa ƙafa, sunan yana biye da shi, har zuwa gaɓar tekun Atlantika ta Turai.

Musulmi a yammacin Andalus

A shekarar 711 rundunar Ɗariƙu ɗan Ziyad ta ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Maroko da Sipaniya. Cikin ƴan shekaru mafi yawan wannan yanki, har da ƙasar da ake kira Fotugal a yau, ya shiga hannun Musulmi. Larabawa suka kira ɓangaren yamma Garbul Andalus, kuma daga kalmar algarbu, wato yamma, aka sami sunan lardin Algarve na kudancin Fotugal. A wasu wuraren mulkin Musulmi ya wuce shekara 500. Larabawa da Barbar suka zauna, ƴan ƙasa da yawa suka musulunta, aka yi auratayya, aka haifi Faɗimomi a Lizbon da Santarém da Silves kamar yadda ake haihuwarsu a Fas ko Ƙairawan.

Daga arewa kuma sarakunan Kirista suna ta matsowa. Afonso Henriques, sarkin Fotugal na farko, ya ci Santarém da Lizbon a 1147, sa'an nan a 1249 aka ci Faro, ikon Musulmi ya ƙare a ƙasar. Amma mutanen ba su ƙare ba. A 1170 sarki ya ba Musulmin Lizbon da wasu garuruwa takardar amana: su biya haraji, su riƙe addininsu da alƙalansu. Unguwar da suka zauna a Lizbon har yau Mouraria ake ce mata, wato unguwar Mouros, sunan da mutanen Fotugal ke kiran Musulmi da shi. Wannan zama ya ɗore har watan Disamba na 1496, lokacin da sarki Manuel na 1 ya ba da doka cewa Yahudawa da Musulmi su bar ƙasar ko su karɓi baftisma. A 1536 aka kafa kotun binciken aƙida, wadda ke farautar duk wanda ake zargin ya riƙe tsohon addininsa a ɓoye. Daga nan babu uban da zai yi gangancin raɗa wa ɗiyarsa Faɗima.

Sai dai korar mutane ta fi korar kalmomi sauƙi. Har yau ɗan Fotugal yana kiran sukari açúcar, man zaitun azeite, ƙauye aldeia, duka daga Larabci, kuma in yana fatan wani abu ya tabbata sai ya ce oxalá, wadda asalinta kalmar nan ce ta «in Allah ya so». Sunayen wurare ma sun tsira: Alfama, Almada, Alcântara. Cikinsu akwai wani ɗan ƙauye a kan tsaunukan Aire, kimanin kilomita 130 arewa da Lizbon, ƙasa mai duwatsu da itatuwan zaitun da makiyayan tumaki. Sunan ƙauyen Fátima. A 1568 hukumar majami'a ta mai da shi gunduma mai limaminta, ba ta kuma canja masa suna ba.

Almarar ɗiyar sarki

Mutane ba sa barin baƙon suna ya zauna ba labari. Labarin da aka fi sani shi ne wanda Bernardo de Brito, wani rahibi na gidan zuhudun Alcobaça, ya rubuta cikin tarihin ɗariƙarsa da aka buga a 1602. An ce ranar bikin Yahaya mai baftisma, 24 ga Yuni 1158, samari da ƴanmatan garin Alcácer do Sal, wanda a lokacin yana hannun Musulmi, suka fita shaƙatawa a bakin kogin Sado. Sai wani barde mai suna Gonçalo Hermingues, wanda ake wa kirari da Traga-Mouros, mai haɗiye Musulmi, ya yi musu kwanton ɓauna, ya kwashe bayi, cikinsu har da Fátima ɗiyar mai garin. Da aka je gaban sarki, barden ya roƙi a ba shi ita ladan yaƙinsa. Sarki ya yarda bisa sharaɗin ta karɓi addinin Kirista. Aka yi mata baftisma da suna Oureana, aka ba su gari, garin ya ɗauki sunanta ya zama Ourém. Ba ta yi tsawon rai ba. Baƙin ciki ya sa mijin ya ajiye takobi ya shiga zuhudu, kuma a wani ƙaulin an ce wurin da aka binne ta shi ne ya riƙe sunanta na fari.

Mai karatu zai lura da abu biyu. Na farko, tsakanin abin da aka ce ya faru da ranar da aka rubuta shi akwai shekara 444, kuma masana tarihin Fotugal sun daɗe da sanin cewa Brito mutum ne mai cika giɓin tarihi da abin da ya yi masa daɗi. Saboda haka labarin ya fi kusa da tatsuniya. Na biyu, ko da tatsuniya ce, ta faɗi gaskiyar zamaninta ba da niyya ba. An ba da ita kamar labarin soyayya, alhali abin da ke ƙarƙashinta hari ne da kamun bayi, da yarinyar da aka raba da iyayenta da addininta da sunanta. Waɗanda suka ci yaƙi su ne suka rubuta cewa ta yarda. Abin da ya tabbata kawai shi ne sunan ƙauyen sunan mace ne na Larabci, ya kuma saura daga zamanin da Musulmi ke zaune a yankin.

Shekarar 1917

Da ba don abin da ya faru a 1917 ba, da Fátima ta ci gaba da zama ƙauyen da babu wanda ya san da shi in ban da maƙwabta. A lokacin ƙasar Fotugal tana cikin ƙunci. An kifar da sarauta a 1910, jamhuriyar da ta biyo baya ta yi dokar raba addini da gwamnati a 1911, ta ƙwace dukiyar majami'a, ta takura wa limamai. A 1916 ƙasar ta shiga yaƙin duniya na farko, aka kwashi ƴaƴan talakawa zuwa fagen fama a Faransa.

Ranar 13 ga Mayu 1917 yara uku daga ƙauyen Aljustrel suna kiwon tumaki a wani kwari mai suna Cova da Iria: Lúcia dos Santos mai shekara 10, da taubasanta biyu, Francisco Marto wanda ke gab da cika 9, da ƙanwarsa Jacinta mai 7. Yaran suka ce sun ga wata mace mai haske a kan wani ɗan itace, ta umurce su da su riƙa dawowa ranar 13 ga kowane wata har wata shida, su kuma riƙa jan tasbahar Kirista kullum don yaƙi ya ƙare. Labari ya bazu. A watan Agusta shugaban gundumar Ourém, mai ra'ayin jamhuriya, ya tsare yaran, ya tsoratar da su don su janye maganarsu, suka ƙi. Ranar 13 ga Oktoba dubban mutane suka taru cikin ruwan sama. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne 70.000. Da yawa sun ce sun ga rana tana juyawa tana sake launi kamar za ta faɗo, kuma Avelino de Almeida, wakilin jaridar O Século wadda ba ta ga maciji da limamai, ya buga labarin. Wasu da ke wurin sun ce ba su ga kome ba, masu duban taurari kuma ba su rubuta wani canji ga rana ba. A ranar ce Lúcia ta ce matar ta bayyana kanta da cewa ita ce Uwargijiyar Tasbaha, ɗaya daga cikin laƙuban da Katolika ke yi wa Maryamu uwar Annabi Isa (AS).

Annobar murar da ta game duniya a 1918 ta ɗauke Francisco a 1919, Jacinta a 1920. Lúcia ta shiga zuhudu, ta rayu har 2005, ta rasu a Coimbra tana da shekara 97. Majami'a ta yi jinkiri kafin ta yanke hukunci, sai ranar 13 ga Oktoba 1930 babban limamin lardin Leiria ya bayyana cewa abin da yaran suka faɗa ya cancanci a gaskata shi. Gwamnatin kama-karya ta Salazar, wadda tsarinta ya ɗore daga 1933 zuwa 1974, ta ga amfanin wurin ga siyasarta, har masu adawa suka riƙa cewa da abu uku ake lallashin talaka: waƙar fado, da ƙwallon ƙafa, da Fátima. Paparoma Paul na 6 ya ziyarci wurin a 1967. Paparoma Jean-Paul na 2, wanda aka harbe a Roma ranar 13 ga Mayu 1981, ya ɗauka Maryamu ta Fátima ce ta tsirar da shi, ya ba da harsashin aka saka shi cikin kambin mutum-mutuminta. A 2017 Paparoma Francis ya sa Francisco da Jacinta cikin jerin waliyyan majami'a. Miliyoyin masu ziyara ke zuwa wurin kowace shekara, wasu a ƙafa daga garuruwa masu nisa, wasu su ƙarasa da rarrafe bisa gwiwa don cika alwashi.

Daga sunan gari zuwa sunan mutum

Don a gane yadda sunan ƙauye ya koma sunan yanka, sai an san wata tsohuwar al'ada ta mutanen Fotugal. Suna raɗa wa ɗiya Maria, su haɗa da ɗaya daga cikin laƙuban Maryamu: Maria da Conceição don tunawa da ɗaukar cikinta ba tare da zunubi ba bisa aƙidarsu, Maria das Dores don baƙin cikin da ta sha, Maria do Carmo don dutsen Karmel, Maria de Lurdes don garin Lourdes na Faransa inda aka ce ta bayyana a 1858. Manufar ita ce a sa yarinya ƙarƙashin kariyar Maryamu, sau da yawa don cika alwashin da uwa ta yi lokacin naƙuda ko rashin lafiya. Bayan 1930 sai Maria de Fátima ta shiga wannan jeri, ma'anarta Maryamu ta garin Fátima, ta kuma yi tashe ƙwarai a tsakiyar ƙarni na 20.

Tun da yake a gida ɗaya ana iya samun Maria uku ko huɗu, sai aka riƙa yar da kashin farko a kira mutum da na biyu. Mu ma mun san irin wannan: Binta da Batula da Zahra'u laƙuba ne na Nana Faɗima, amma yau sun tsaya da kansu a matsayin suna. Haka Maria de Fátima ta zama Fátima, ko Fatinha a bakin uwa, ko Fafá, kamar shahararriyar mawaƙiyar Burazil Fafá de Belém. Wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne ɗigon da ke kan harafin á: yana nuna cewa a gaɓar farko ake sa nauyin murya, daidai inda Larabci ke jan fa, saɓanin Bafaranshe da ke kai nauyin ƙarshen kalma. Manoman tsaunukan Aire sun manta ma'anar sunan, amma sun riƙe lafazinsa shekaru ɗaruruwa.

Sunan ya bi jiragen ƴan ci-rani da ƴan mishan zuwa Burazil da Angola da Mozambik da Gine-Bisau, har ya wuce iyakar harshen Fotugal: babbar majami'ar Katolika ta Kano da ta Jos duka biyu sunan Maryamu ta Fátima suke ɗauke da shi. Akwai kuma wani labari da ya shafe mu, wanda yake kamar kifin wannan. A ƙarni na 19 an kai Hausawa da yawa bauta lardin Bahia na Burazil, inda ake yi wa kowane bawa baftisma da sunan Fotugal. Cikin waɗanda aka tuhuma bayan tawayen Musulmi na birnin Salvador a 1835 akwai wani malami Bahaushe da ya fanshi kansa, wanda ƴan'uwansa ke kira Dandará, amma a takardun hukuma sunansa Elesbão do Carmo. Ga Musulmi ɗauke da laƙabin Maryamu bisa tilas, ga kuma, bayan shekara 100, Kiristoci ɗauke da sunan ɗiyar Annabi bisa son ransu.

Lafazi ɗaya, niyya biyu

Irin wannan haɗuwa ba ta rasa masu fassara. A 1952 wani mashahurin limamin Katolika na Amurka, Fulton Sheen, ya rubuta cewa Maryamu ta zaɓi ƙauye mai wannan suna ne da gangan don ya zama alama ga Musulmi, hanyar da za su bi su shiga addinin Kirista. A ɗaya ɓangaren kuma an sami masu cewa ai Nana Faɗima ce da kanta ta bayyana ga yaran, limamai suka ɓoye. Duka biyun sun nemi tarihi ya faɗi abin da bai faɗa ba. Babu inda yaran suka ce matar ta kira kanta Fátima. Sunan na ƙasar da suke kiwo a kai ne, kuma ya riga su da ƙarnuka.

Gaskiya ne akwai kamanni da ke jan hankali. Maryamu ita ce mace ɗaya tak da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, sura ta 19 ma sunanta take ɗauke da shi. Hadisi ya haɗa ta da Nana Faɗima da Nana Hadiza da Asiya matar Fir'auna cikin mafifitan mata, laƙabin Albatulu kuma duka biyun ake yi wa. Musulmi sun san tasbihin da Manzon Allah ya koya wa ɗiyarsa lokacin da ta nemi mai taya ta aikin gida, tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34, ga shi kuma matar Cova da Iria da tasbaha aka san ta. Babban taron majami'ar Katolika na Batikan ya yarda a 1965 cewa Musulmi suna girmama Maryamu. Amma kama da wane ba ta wane. Katolika suna kiran Maryamu uwar Allah, suna roƙon cetonta, abin da Musulunci bai yarda da shi ba, domin a wurinsa ita baiwar Allah ce mai gaskiya, uwar annabi. Wanda ya shafe wannan bambanci don neman zaman lafiya ya zalunci addinan biyu, wanda kuma ya ƙi ganin kusancin ya zalunci tarihi.

Kammalawa

Zangon sunan huɗu ne. Ya fara da sunan mace a Makka, ya zama sunan ƙauye a yammacin Andalus, ya zama laƙabin Maryamu a 1917, sa'an nan ya koma sunan mace. A Bisau ko arewacin Mozambik, inda Musulmi da Katolika ke cin kasuwa ɗaya, in aka ƙwala kira «Fátima!» mata biyu na iya waiwayowa tare, ɗaya an yanka mata rago ranar suna, ɗaya an zuba mata ruwa a goshi, kuma kowace tana da gaskiyarta game da ma'anar sunanta. Hakkin kowace a kan ɗayar shi ne ta san inda sunan ƴar'uwarta ya fito.

Ga mai sha'awar tarihi kuwa, akwai darasi cikin ƙarshen almarar nan ta Brito. An ce an yi wa yarinya baftisma don a wanke mata sunan Fátima, a maye shi da Oureana. Yau da wuya ka gamu da Oureana a titunan Lizbon. Sunan da aka so a wanke shi ne limaman Fotugal suka koma suna furtawa da bakinsu a kan kwaryar baftisma, bayan shekara 400 da korar Musulmi na ƙarshe daga ƙasar.